Ƙamshin Kafur a Cikin Lefe

BABI NA SHA ƊAYA

Ranar da aka kawo lefen Barkisu, gidan Malam Seidu ya cika ya batse tun kafin azahar. Matan Zangon Kumasi ba sa jiran gayyata wajen kallon lefe, balle wannan da aka fi shekara ana gardama a kansa. Wasu sun zo taya murna. Wasu kuwa, in faɗa muku gaskiya, sun zo ne su ga abin da mai fentin hular kwano zai iya kawo wa 'yar malami.

Barkisu tana ɗakinta ta ɗan ɗaga labule tana leƙe, don amarya ba ta zama wurin buɗe lefenta.

Mutala, wanda take so, yana da rumfa a Suame, can cikin Magazin inda ake farfasa tsofaffin motoci. 'Yan okada ke kawo masa hulunan kwanonsu ya zana musu zaki, ko gaggafa, ko ƙoƙon kan mutum mai haƙora a waje. Abin da kowa ya yar shi yake tsinta. Ƙofar mota, murfin tukunya, tsohuwar tukunyar gas, duk sai ya goge ya shafa musu fenti, wanda ya yar ɗin ya dawo yana tambayar ko na sayarwa ne.

Wannan sana'a ta sa Malam Seidu ya kore shi sau biyu. A na uku ya kafa masa sharaɗi biyu. Na farko, ya daina zana duk wani abu mai rai. Sannan Barkisu ba za ta taka rumfarsa ba, ba kuma kyauta a ɓoye, sai bayan an ɗaura aure. Mutala ya riƙe na farkon gam, shekara guda da wata biyu ba ya zana komai sai furanni da sunaye, rabin 'yan okadansa suka gudu ya bar su. Na biyun kuwa, za mu zo kansa.

Anisa, yayar Mutala, ita ta jagoranci kawo kayan. Ta buɗe akwatin atamfofi, ta buɗe na leshi da takalma, mata suna ɗagawa suna taɓe baki kamar yadda aka saba. Can sai ta ce, "Ku matsa, saura babban."

Ta yaye zanen da ke rufe da wata adaka ta katako.

Nan take aka ɗauki guɗa. Adakar koriya ce shar, furanni ja da ruwan ɗorawa sun zagaye ta, a tsakiyar murfin an rubuta sunan Barkisu da harufan larabci. Manyan furanni uku sun jeru a kan murfin, kowanne da ƙwayar zinariya a tsakiyarsa.

"Ei! Wannan ya yi kyau paa!"

"Da hannu ya yi? Ba daga waje aka kawo ba?"

Anisa ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, "Da hannunsa. Katakon odum ne, tsohon odum, ba irin na yanzu da gara ke ci ba. Wata uku yana kansa. Ku tsaya ma ku ji ƙamshin cikin, ko asu ba zai kusanci zanen amarya ba."

Ta ɗaga murfin. Rana ta riga ta gasa katakon a bayan mota, sai wani ƙamshi mai sanyi ya taso ya bi tsakar gidan.

Gwaggo Lariya tana zaune a kan tabarma. Yayar Malam ce. Shekara talatin ita ke wa matan unguwar wankan gawa, ita ce kuma ke wa amare wankan lalle, don haka ba macen da ke iya haɗa ido da ita na tsawon lokaci. Kowa ya san ɗanta Fadil take so Barkisu ta aura, mai shagon wayoyi a Adum, can tsakiyar gari.

Ƙamshin yana isa gare ta ta ɗago kai.

Ta miƙe a hankali ta zo ta durƙusa gaban adakar. Ba ta kalli zanen ba. Tafin hannunta ta sa ta shafa cikin murfin daga wannan gefe zuwa wancan, kamar makauniya. Ta ciro makulli daga bakin zanenta, ta soka a ƙwayar furen tsakiya, ta murza. Wani ɗan toshi ya faɗo ƙasa, rami ya bayyana, zagayayye, daidai shigar yatsa.

Ta yi wa na biyu haka. Ta yi wa na uku.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ku janye yaran nan. Ku janye su na ce!"

Anisa ta ce, "Hajiya, lafiya? Kin ɓata masa zane fa."

"Zane?" Gwaggo ta juyo, idanunta sun kaɗa sun yi ja. "Ramukan nan uku na zubar ruwa ne. Wannan ƙamshin da kike yabo kafur ne da magarya. Katakona ne wannan. A kansa nake wanke gawa."

Kafin ta rufe baki wurin ya hargitse. Wadda ke riƙe da atamfa ta yar. Wadda ta shafa murfin ɗazu ta hau goge hannu da zanenta tana salati. Wata mai ciki ta yi waje ba takalmi. Ita kuwa Anisa ta tsaya riƙe da zanen da ta yaye, bakinta a buɗe.

Barkisu ta saki labule. Ta sulale ta zauna a ƙasa, idonta a ƙarƙashin gado.

Akwai wata kujera 'yar tsugunno a can, a bayan akwatin littattafanta. Koriya ce shar, da furanni ja da ruwan ɗorawa. Wata huɗu ke nan ta ce wa mahaifinta za ta Adum sayen zare, ta shiga trotro, motar haya, ta zarce Suame. Mutala ya ba ta kujerar a cikin buhu yana dariya, ya ce ragowar katakon adakarta ne, a kanta za a zaunar da ita ranar wankan amarya. Tun daga ranar kullum sai ta janyo ta ta zauna tana taje kai. Tana son ƙamshinta. Yakan tuna mata da wani abu da ta kasa ganewa, yakan kuma sa ta kuka ba dalili.

Yau ta gane.

Ƙofa ta buɗe, Gwaggo Lariya ta shigo ta mayar ta rufe. Ta zauna a bakin gadon, dugaduganta saura kaɗan su taɓa akwatin littattafan.

"Kin ji?"

"Na ji, Gwaggo." Hawaye suka ɓalle mata. "Gwaggo, don Allah ki faɗa min gaskiya. Don Yaya Fadil ne? Katako nawa ne masu rami a Kumasi?"

Ta yi zaton mari za ta sha. Amma Gwaggo sai ta dube ta kawai.

"Ina son ki auri ɗana, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma ban kai lalacewar da zan yi ƙarya da matattu ba, Barkisu. Shekara biyu da suka wuce ƙungiyar mata suka saya min na ƙarfe, aka jingine tsohon a bayan masallaci. Na ce a haƙa rami a binne shi, aka yi ta yau da gobe, rannan na je na tarar 'yan kondem, masu tsintar tsofaffin ƙarafa, sun kwashe shi tare da tsohon kwano. Na yi kuka ranar."

Ta share ido da gefen mayafi.

"Mata sun fi ɗari biyu da suka kwanta a kansa. Alima mahaifiyarki tana cikinsu. Da hannun nan na kwantar da uwarki a kansa, kina bakin ƙofa kina ihu a bar ki ki shiga."

Barkisu ta toshe baki da hannu biyu. Shekara shida ke nan, amma ta ji kamar yanzu aka fito da Mma a naɗe, ƙamshin nan yana bin ta.

"Yanzu ki saurare ni," in ji Gwaggo. "Katakon ya fi doguwar mace tsawo. Adakar nan ba ta cinye shi ba. Na duba, ɓangaren kai babu, wurin da ya lotsa saboda kawunan da aka ɗora. Yaron nan ya taɓa ba ki wani abu na katako?"

Barkisu ta kawar da kai.

"A'a, Gwaggo."

"Ki dube ni."

"Bai ba ni komai ba."

"To Allah ya sa. Don wallahi in mai rai ta zauna ko ta kwanta a kan katakon nan, hannuna ba zai yi mata wankan amarya ba. Wadda ta hau shi, a wurina an riga an wanke ta. Ban taɓa wanke mace sau biyu a katako ɗaya ba, ba kuma zan fara da ke ba. In ni ban wanke ki ba, kin san ba macen Zango da za ta raka ki ɗakin miji."

Ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta ja numfashi ta hanci, sau ɗaya, sau biyu. Barkisu ta daina numfashi gaba ɗaya.

"Ya bi hannuna," Gwaggo ta ce, tana shinshina tafinta. Ta fita.

Barkisu ta ɗauki waya. Bugu ɗaya Mutala ya ɗauka, ana jin ƙarar guduma da injin walda a bayansa.

"Barkisu, Anisa ta kira ni. Wallahi ban sani ba, ban sani ba koraa. Namiji ina zai taɓa ganin katakon wankan mata? Na gan shi cikin kayan kondem, na ga odum mai kyau, na ce wannan na amaryata ne. Ramukan ma na ɗauka na ƙusoshi ne."

"Ƙamshin fa, Mutala? Ba ka ji ƙamshin ba?"

"Na ji. Na yi murna ma." Muryarsa ta karye. "Na ce Allah ya ba ni katako mai turare. Wata uku ina cin abinci a kansa, Barkisu. In na gaji da rana, a kansa nake miƙewa."

"Wayyo Allah na."

"Malam ya aiko in zo bayan la'asar."

Ta matsa can ƙuryar ɗaki, nesa da gadon, ta rage murya. "Za su tambaye ka sauran. Gwaggo ta san ɓangaren kai babu. Ka ce ka ƙone. Ka ce ka yar a bola, ka ce komai."

Ta ƙara manna wayar a kunne.

"Mutala, kana ji na?"

"Ina ji. Ki ce in kalli idon Malam in yi masa ƙarya?"

"In ka faɗa, Baba zai san na je rumfarka, zai san na karɓi kyauta. Gwaggo kuma ta rantse ba za ta wanke ni ba. Shi ke nan an gama da mu. Shekara uku muna wahala, Mutala, saura kwana goma sha biyu."

"Kina zama a kanta?"

Kuka ya ƙwace mata. "Kullum."

"Subhanallah." Ta ji numfashinsa yana sama da ƙasa. "Barkisu, ni na jawo miki asem ɗin nan, wannan masifar. Ki fitar da ita daga ɗakin, ki jefa ta baya, zan zo in ɗauka."

"Ba zan iya taɓa ta ba. Tsoro nake ji. Ko kallon gadon ba na iya yi. A nan kan Mma ya kwanta, Mutala, daidai inda nake zama. Ni mutuwa zan yi ko? Ka faɗa min, mutuwa zan yi kafin auren?"

"Kar ki ƙara faɗar haka!"

"To ka yi min alkawari za ka ce babu saura."

Can ya ce, "Yoo, to. Zan gwada." Daga yadda ya faɗa ta san bai taɓa gwada irin wannan ba, kuma ba zai iya ba.

Ni dai na san masoya da yawa masu rantse-rantse, wanda zai ce zai shiga wuta, wanda zai ce zai faɗa rijiya. Ba a cika tambayarsu abu mai sauƙi irin ƙarya guda ɗaya a gaban suruki ba, shi ya sa ba a gane masu iyawa da marasa iyawa.

Bayan la'asar aka share tsakar gida aka shimfiɗa wa Malam buzunsa. Matan da suka gudu duk sun dawo, sun kuma zo da wasu, suka jeru a jikin bango nesa da adakar. An bar ta ita kaɗai a tsakiya, murfinta a buɗe, ramukanta uku suna kallon mutane.

Fadil ya zo cikin farar shadda, makullin mota a yatsa. Ya tsaya ta bakin tagar Barkisu kamar mai gyara takalmi, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ƙanwata, ban ji daɗin abin nan ba koraa. Amma ki duba da kyau. Mutumin da abincinsa a bola yake, yau katakon gawa ya kawo miki, gobe me zai tsinto? Ni ban canja ba. In kin ce to, ko yau Baba ya ɗaura."

Ya jira kaɗan, ya wuce ya zauna kusa da Malam.

Mutala ya shigo da sallama, hular kwanonsa a hammata, fenti a gefen farcensa duk da alamar ya sha wanki. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa da buzun, kansa a ƙasa.

Malam Seidu mutum ne siriri mai farin gemu, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya sa ake tsoronsa. Ya ja carbi, sannan ya ce, "Mutala, ina ka samo katakon nan?"

"Wurin 'yan kondem, Malam. Cikin tsohon kwano da ƙarafa."

"Ka tambaye su daga ina?"

"Ban tambaya ba, Malam. Ba a tambaya a Magazin."

"Ka san mene ne?"

"Wallahi sai yau."

Malam ya gyaɗa kai. "Na yarda. Wanda ya sani ba zai rubuta sunan wadda yake so a kai ba." Ya dubi yayarsa. "Yaya Lariya ta ce bai cika ba. Ina sauran?"

Barkisu ta damƙe labule. Daga inda take tana hango bayan wuyan Mutala, gumi yana gangarowa cikin rigarsa.

"Sauran, Malam..."

"Ina jin ka."

"Sauran na... guntu ne kawai, Malam."

"Ban tambaye ka girmansa ba."

Fadil ya gyara zama. "Baba, a ɗauko Alƙur'ani ya dafa mana. Kar a je ya yi faranti da shi ya sayar wa mutane suna cin waakye a kai."

Mata suka ɗauki salati. Malam ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Ba za a ɗauko Littafi ba. Mutala, shekara guda na sa ido a kanka, na aika an duba rumfarka ba sau ɗaya ba, ba a ga ko kan tsuntsu ba. Na san kana riƙe magana. Ɗago ka dube ni. Duk abin da ka faɗa yanzu shi zan ɗauka, ba zan ƙara tambayar kowa ba."

Mutala ya ɗago. Barkisu ta ga ya buɗe baki, ta kuma ga fuskar mahaifinta, yadda yake jiransa da yarda tsantsa. Sai ta gane abin da ta roƙa. In ya yi ƙaryar nan za a yi auren, amma kujerar za ta bi ta ɗakin miji ko da an jefa ta a kogi, kuma Mutala ba zai sake iya kallon Baba ba har abada.

"Na ƙo..." Mutala ya fara.

"Tsaya!"

Ba ta san lokacin da ta durƙusa ta zura hannu ƙarƙashin gado ba. Katakon ya yi sanyi a tafinta, tsigar jikinta duk ta tashi. Ta rungume kujerar a ƙirji ta fito ba mayafi, sai ɗankwali.

Mata suka dare gida biyu. Ta wuce ta tsakiyarsu ta ajiye ta kusa da adakar. Koren iri ɗaya, furannin iri ɗaya, ga lotsawar nan a tsakiya da fenti bai iya ɓoyewa ba.

"Ga sauran, Baba."

Gwaggo Lariya ta dafe ƙirji. "Barkisu! Ba ke kika ce min..."

"Ƙarya na yi miki, Gwaggo. Ni na je Suame, ni na karɓo, ni kuma na roƙe shi ɗazu ya ce ya ƙone. Baba, ka yafe min." Hawaye suna zuba ba ta share ba. "Wata huɗu tana ɗakina."

"Kin zauna a kai?" Muryar Gwaggo ta zama 'yar siririya. "Ce min ba ki zauna ba, 'yar nan. Ce min ajiyewa kawai kika yi."

Gwaggo tana miƙo mata hanyar fita, kowa a wurin ya gani. Kalma ɗaya ce. Barkisu ta dubi kujerar. Ta juya ta zauna a kai.

Ihun da aka yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Haka nake zama kullum," ta ce. "Mma ta kwanta a nan, ni na zauna. In laifi ne na riga na yi."

Mutala ya kifa goshi a ƙasa yana kuka kamar yaro. Fadil ya miƙe tsaye, ya ma manta da makullinsa a kan tabarma.

Malam Seidu bai motsa ba. Idonsa yana kan lotsawar katakon da ta ɗan leƙo ta gefen zanen 'yarsa. Carbin ya tsaya a hannunsa. Da ya yi magana, sai da aka kasa kunne.

"Kun saɓa min, ku biyun, wannan tsakanina da ku ne, za mu yi maganarsa. Amma katako katako ne. Ba ya kashewa, ba ya rayawa, ba ya matso da ajalin kowa. Shekara arba'in ina karantar da haka a zauren nan, ba zan warware yau don abin ya zo gidana ba. Aure yana nan ranar da aka sa."

"Seidu." Gwaggo ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. "Kai ka san littafi, ni na san abin da hannuna ya taɓa. Ka ɗaura aurenka. Ni dai na rantse, ba zan wanke ta ba."

Ta ɗauki takalmanta a hannu ta nufi zaure. Ba ta waiwayo ba, amma kafaɗunta suna girgiza.

Wata tsohuwa ta bi ta. Wata ta saɓa goyo ta bi. Ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki, ƙawayen Barkisu da suka yi ankon biki tare, maƙwabtan da suka rene ta bayan rasuwar Mma, kowace tana ratsewa ta jikin bango don kada zanenta ya taɓa adakar. Fadil ya sunkuya ya tsinci makullinsa, ya ce wa Barkisu a hankali, "Ina nan," ya fita. Anisa ta kama hannun ƙanenta ta ja shi, yana tafiya yana waiwaye.

Tsakar gidan da ya cika tun safe ya koma daga ita sai mahaifinta, sai atamfofi a zube a ƙasa.

Ta yi yunƙurin miƙewa, ƙafafun suka ƙi. Ta sake yunƙurawa, ko motsi ba su yi ba.

"Baba," ta ce da muryar da ita ma ba ta gane ba, "na kasa tashi. Zo ka ɗaga ni."

Malam ya miƙe da sauri. Ya yi taku uku, ƙamshin kafur ya tare shi, sai ya tsaya cak. Ya miƙo mata hannu daga inda yake, leɓensa suna motsi da addu'ar neman tsari. Tsakanin yatsunsa da nata bai fi taku biyu ba.

"Baba, ka matso mana. Ba ka ce katako ne kawai ba?"

"Katako ne, 'yata," ya ce, hawaye suna bin gemunsa. "Katako ne kawai."

Amma bai matso ba.